Ciyawar Roba da Katangar Malam Haliru

Akwai rana ɗaya a aikin nan da na kasa mantawa da ita, ko da yake na so in manta: ranar da na kori Baba Manu daga wani aiki a Tambuwal. Ku da kuka same ni da furfura kuna ce mini Oga, kuna ganin kamar da sanin aiki aka haife ni. To ku gyara zama ku ji.

A shekarun da man fetur ya yi tsada a duniya, kuɗi suka wadata a hannun gwamnati da 'yan kwangila, na bar sashen ayyuka na ƙaramar hukuma inda nake mataimakin mai duba gine-gine, na koma wani ƙaramin kamfani a Sakkwato. Aikinmu shimfiɗa ciyawar roba. Ga wanda bai san ta ba, wata irin darduma ce koriya shar mai gashi kamar ciyawa, ana kawo ta a nannaɗe, a shimfiɗa a filin wasa. Ba ta son ban-ruwa, akuya ba ta cin ta. A lokacin sabon abu ce a wajenmu, duk wanda ya fita waje ya gani sai ya dawo yana so a yi masa a gida. Mai kamfanin, Injiniya kawai muke ce masa. A ƙarƙashinsa akwai fomen, wato shugaban ma'aikata a wurin aiki, sai magina, sai leburori. Na yi shekara biyu ina bin wani fomen kafin a ba ni aiki nawa na kaina. Na Tambuwal shi ne na farko, kuma an ba ni ne don ni ɗan Dogon Daji ne, na san mutanen wajen.

Mai aikin wata dattijuwa ce, Hajiya Rabi. Ta yi shekaru tana koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Tsofaffin ɗalibanta da yawa sun yi aure a garin, suna zuwa gaishe ta suna kukan ciwon gwiwa da hawan jini, ga shi babu inda matar aure za ta yi guje-guje ba tare da idon maza ba. Shi ne babban ɗanta ya ce zai sa a yi mata filin ƙwallon raga a bayan gida, inda katanga ta kewaye. Ranar da na fara zuwa, ita da kanta ta riƙe mini bakin igiyar awo. Ta san tsawon fili da faɗinsa a ka, mita goma sha takwas da tara.

Bari in faɗi yadda ake aikin, don a gane inda na yi kuskure. Da farko ana kwashe ƙasar sama. Sai a zuba marmara a daddaɓe da inji, a bi da tsakuwa, a rufe da garin dutse, a sake daddaɓewa har wurin ya yi tauri kamar daɓe. A zagaye shi da ɗan bakin siminti. Sannan a warware ciyawar, a haɗa bakin wannan da na wancan da gam, a yanka fararen layuka a manna, a barbaɗa yashi mai laushi a share shi ya shige cikin gashin. Amma duk wannan ado ne. Ran aikin shi ne gangara. Dole fili ya ɗan karkata gefe ɗaya, karkatar da ido ba ya gani, don ruwan sama ya san inda zai nufa. Saboda haka dokar kamfani ce, kafin a sa diga a ƙasa, fomen ya zagaya bayan gidan ta kowace kusurwa, ya ga abin da ke bayan kowace katanga, ya ga inda ruwa yake fita, ya cika takarda ya sa hannu ya aika wa Injiniya.

Ni ban zagaya ba. Zanen da aka ba ni daga ofis ya nuna gangara ta yi gabas, an kuma rubuta cewa akwai lungu a bayan katangar gabas. Wanda ya zo awon farko ne ya rubuta haka. Na dubi zane, na dubi katanga daga ciki, rana ta take, na cika takardata na rubuta cewa an duba, na sa hannu.

Baba Manu magini ne daga Kebbe. Zai kai shekara sittin da biyar a lokacin, siriri, ba ya da yawan magana. Da rani yakan zo Tambuwal neman aikin gini, da damina ya koma gona. Na ɗauke shi don ya ja mana bakin siminti. Kwana huɗu da fara aiki, mun riga mun daddaɓe marmara, ya same ni ni kaɗai a gindin darbejiya.

Ya ce, "Malam Umaru, in yi magana?"

Na ce ya yi.

Ya ce, "Ina kaka son ruwan gidan ga su bi?"

Na nuna masa gabas. Ya girgiza kai. Ya ja ni kusurwar kudu maso yamma, ya durƙusa ya janye wasu tsofaffin tubala, sai ga wata kafa a gindin katanga, bakinta ya yi baƙi da gansakuka.

Ya ce, "Nan sunka saba fita, tun da anka gina gidan. Bayan nan lungu ne. Can gabas ɗakin mutane ne, kuma na ƙasa. In munka toshe nan, munka tura su can, ba su da wurin zuwa sai gindin ɗakin."

Na san ban duba ba. Mita ashirin ce tsakanina da ƙofar gida. Da na fita na zagaya, da na gani da idona. Amma a take na lissafa abin da zai biyo baya: a fasa marmarar da aka daddaɓe, a sake kwana uku ko huɗu, kuma in kira Injiniya in ce masa takardar da na sa wa hannu ƙarya ce, a aikina na farko. Sai na ce wa Baba Manu zane ya riga ya yi bayani, ya koma bakin aikinsa. Ya koma.

Washegari da hantsi Hajiya ta fito duba aiki, ta tarar ana shirin zuba siminti a daidai wannan kafa. Baba Manu ya ajiye cokalin gininsa, ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni dai ban iya toshe wurin ga da hannuna. Ruwa za su yi ɓarna."

Hajiya ta juyo ta dube ni. Leburori duk suka tsaya. Abin da na yi daga nan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na zaro takardar zanen daga aljihu, na warware, na miƙa masa a gaban kowa.

Na ce, "To Baba, tun da ka fi Injiniya sani, karanta mana. Nuna wa Hajiya inda aka yi kuskure."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya dube ta jim kaɗan. Wani lebura ya yi dariya don a juye tsohon ya riƙe ta. Ya miƙo mini, ya ce, "Ban yi boko ba, Malam Umaru."

Na ce, "To wanda bai yi ba, sai ya bi wanda ya yi. In ba za ka iya ba, ga hanya."

Sa'an mahaifina ne. Ya wanke cokalinsa a bokiti, ya naɗe igiyarsa, ya yi wa Hajiya sallama, ya fita. Ni da kaina na ɗauki siminti na toshe kafar.

Hajiya ta ce, "Malam Umaru, ka tabbata?"

Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. An auna komai."

Cikin kwana goma muka gama. Gaskiya filin ya yi kyau. Kore shar a tsakiyar jar ƙasa, fararen layuka sun miƙe sumul. Injiniya ya zo ya ɗauki hotuna, ya dafa kafaɗata. Na ji labarin cewa duk yamma mata kan cika gidan, ana jin shewarsu har waje, har da masu jikoki.

Ruwan farko da na biyu yayyafi ne. Na uku ya zo ranar wata Laraba bayan azahar, kamar da bakin ƙwarya. Ina Sakkwato. Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Muryarta a kwance ta ce, "Katangar gabas ta faɗi cikin ɗakin maƙwabcina. Babu wanda ya ji rauni. Ka zo da safe."

Da sassafe muka kama hanya ni da Injiniya. Ranar ce na fara zagayawa bayan gidan. Babu lungu a gabas. Gidan Malam Haliru ne, dattijon malami da magidanta suke zuwa ɗaukar karatun fiƙihu a zaurensa. Katangar da ta raba su da Hajiya ita ce bangon ɗakin littattafansa. Ruwan da ya sauka a kan filinmu ya taru ya gangara gabas kamar yadda na tsara masa, ya rasa mafita, ya kwanta a gindin bangon har ƙasar ta jiƙe ta zauna. Bangon ya rufta ciki, ya ja rabin rufin. Malam ya fita sallar la'asar ke nan.

Da muka shiga, tsakar gidan cike take da tabarmi, an baza takardu a kai, an danne kowace da ɗan dutse. Littattafan rubutun hannu ne, na mahaifinsa da na kakansa, waɗanda ake ajiyewa a gafaka. Tawadar gargajiya ba ta jure ruwa. Wasu takardun rubutun ya narke ya zama baƙin tabo. Wasu sun manne da juna da laka. Wasu kuwa sun wanke tas, kamar ba a taɓa sa musu alƙalami ba. Malam yana tsugune da 'ya'yansa manya biyu, suna ɓamɓare takarda daga takarda da bakin wuƙa.

Ya miƙe ya tarbe mu, ya sa aka kawo mana tabarma. Injiniya ya yi masa jaje. Malam ya ce, "Ƙaddara ce. Bangon ya tsufa, ni ne ban yi mashi yaɓe ba bana. Kada Hajiya ta sa damuwa a ranta, mun fi shekara talatin muna zaman lafiya."

Injiniya ya juyo gare ni ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Umaru, ka zagaya kafin ka fara, ko?"

Na ce, "Na zagaya, ranka ya daɗe. Ruwan ne ya yi yawa."

Ya gyaɗa kai. Ga ƙofa a buɗe, kowa ya yarda laifin tsohon bango ne, har mai bangon. Injiniya ya tafi ganin wani aiki a cikin gari, ya ce in tsaya in auna ɓarnar.

Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta a tsaye a bakin filin, inda laka ta malale kan ciyawar. Ba ta ba ni wurin zama ba.

Ta ce, "Malam Umaru, na yi shekaru ina koyar da yara. Na san fuskar wanda ya yi laifi yana jiran a wuce. Ni ma na ji abin da tsohon nan ya faɗa, na bi takarda na ƙyale shi, don haka ni ma ban fita daga laifi ba. Ba ni zan faɗa wa maigidanka ba. Amma jiya da hannuna na tsamo littafin kakan Malam daga cikin laka, kuma yau na ji yana cewa laifinsa ne. Wannan ba zan iya zama da shi ba. Kai ka sani ko za ka iya."

Na koma gidan Malam da tef ɗin awo a hannu, na kasa auna komai. Na tsuguna kusa da shi na fara taya shi juya takardu. Ya ɗauko wata ya nuna mini. Rubutun tsakiya ya ɗan rage, amma gefe-gefen duk ya shafe.

Ya ce, "Ka ga na tsakiyar nan, ko a kasuwa ana samun bugunsa. Na gefen ne ba a samu. Bayanin kakana ne, abin da ya ji daga bakin malamansa. Nan kaɗai yake."

Bai faɗa da ɗaci ba. Kamar yana yi wa ɗalibi bayani ne. A nan na kasa daurewa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba bangonka ba ne. Ni ne. Ni na toshe hanyar ruwa na juyo shi nan. Ban duba ba, na ce na duba."

Ya ajiye takardar. 'Ya'yansa suka ɗago kai. Babban ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Ba ka sani ba ne, ko an faɗa maka?"

Na ce, "An faɗa mini. Wani tsohon magini. Na kore shi."

Ya ce, "A gaban mutane?"

Na ce, "A gaban mutane."

Ya daɗe yana kallon tabarmin. Sannan ya ce, "Abin da ya shafe ni na yafe. Littattafan kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai haƙƙin waɗanda za su zo su karanta, wannan sai ka roƙi Allah. Amma tsohon yana raye. Shi kana iya samunsa."

Kafin azahar na sami Injiniya na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce kamfani zai gina bangon da rufin, ni kuma daga ranar na sauka daga fomen sai abin da hali ya yi. Na roƙi arziki ɗaya, ya ba ni kwana ɗaya in je Kebbe.

Na hau babur ɗin haya. Ruwa ya ɓata hanya, sau biyu muna sauka muna turawa. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gonar Baba Manu a bayan gari. Na hango shi a duƙe yana noman gero. Da ya ɗago ya gan ni, ya dogara da hauyarsa. Ban ko gama sallama ba ya ce, "Bangon ya faɗi?"

Na ce, "Ya faɗi, Baba."

"An rasa rai?"

"A'a. Littattafai ne suka lalace."

Ya yi hamdala, ya zauna a kan kunyar gero. Na durƙusa a gabansa na ba shi haƙuri, na faɗi duk abin da na tsara a hanya. Ya bari na gama.

Ya ce, "Tashi, ɗana, ƙasa da sanyi. Ni ma da nawa laifin. Ranar da nib bar gidan, ta ƙofar malamin nan nib bi. Da na tsaya na gaya mashi, da ya kwashe kayanshi. Zuciya ta hana ni. Nic ce tun da sun ƙi ji, su gani. Tun sannan duk hadarin da ya taso, wurin nika tunani."

Na zo ne in sauke kaya, sai ga wanda na wulaƙanta yana ɗiban rabi yana ɗora wa kansa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ya kawar da kai, ya miƙo mini gorar ruwansa, ya shiga tambayata yadda damina take a Dogon Daji har na natsu.

Na roƙe shi ya dawo ya gyara mana aikin. Ya ce sai ya gama noman da ya fara. Bayan kwana biyu ya zo Tambuwal. Muka yaye ciyawar gaba ɗaya, muka fasa tsakuwa da marmara. Shi ya ja gangarar da tiyo mai ruwa a ciki da igiya, ni ina riƙe masa ɗaya bakin. Leburorin nan da suka ga na kore shi, su suka ga ina ɗauko masa kwanon siminti. Na fasa abin da na toshe da hannuna. Da muka gama, Hajiya ta sa aka kwararo ruwa duro biyu a tsakiyar fili, muka tsaya muna kallo har ya bi ta kudu maso yamma ya fita lungu. Sannan ta ce a mayar da raga.

Na yi shekara guda da rabi ina aikin magini kafin a sake ba ni fomen. Malam Haliru kuwa ya ƙarasa sauran shekarunsa yana sake rubuta bayanin kakansa daga abin da ya haddace, shi da manyan ɗalibansa. Da ya rasu na je ta'aziyya. Babban ɗansa ya shigar da ni ɗakin da muka gina, ya ɗauko sabon kwafin ya buɗe mini. Ba don ya ƙona mini rai ba, yana so ne in ga an sami abin da aka samu. An sami da yawa. Amma nan da can, a gefen shafi, sai ka ga fili fari. Ya ce duk inda Malam bai tabbatar da lafazin ba, ya ƙi ya cika da zato, ya ce a bar wurin haka. Na yi ta buɗa shafi ina cin karo da fararen wuraren nan, har na rufe littafin.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Zane mutum ne ya yi shi a ofis, yana iya kuskure. Sa hannunku kuwa shaida ce, kada ku ba da ita a kan abin da ƙafarku ba ta taka ba. In lebura ko magini ya ce muku ga matsala, ku ajiye girman kai ku je ku duba, ba za ku yi asarar komai ba sai 'yan mintoci. Kuma ku sani, aikin da kuka yi a gidan mutum ba a gidansa yake tsayawa ba, yana da maƙwabci.

Game da mutanenmu kuwa, kada haƙurinsu ya ruɗe ku ku ɗauka abin da kuka yi musu ƙarami ne. Mutum uku na cuta a aikin nan, babu ko ɗaya da ya ɗaga mini murya. Da sun zage ni, ina jin da tuni na warke.